Yadda Ake Rubuta Sauri da Nisa a Littafin Atisayen Gudun Dogon Zango

Ka tambayi mai gudun dogon zango kilomita nawa ya yi makonni uku da suka wuce, zai ba ka amsa da ƙarfin gwiwa, kuma sau da yawa amsar ba daidai ba ce. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranar da aka yi bajinta, ta yar da ranar da aka dawo ana jan ƙafa. Aikin littafin atisaye shi ne ya nuna maka inda jikinka ya dosa tun kafin gwiwa ko agara ta fara ƙorafi. Ba zai iya wannan aikin ba sai lambobin da ke cikinsa na gaskiya ne, kuma an auna su ta hanya ɗaya yau da gobe.

Littafin takarda, jadawalin kwamfuta, ko manhaja irin su Strava da Garmin Connect, duk suna aiki. Wanda za ka buɗe kullum shi ne mafi kyau. Manhaja tana tara nisa da lokaci da kanta, amma ba ta san ka kwana kana juyi ba, ba ta kuma san ƙwaurinka na hagu ya fara zogi ba. Wannan ɓangaren da hannunka za ka rubuta shi.

Abin da ke shiga layi ɗaya

Kowace fita layi ɗaya ce: kwanan wata, nisa, lokaci, sauri, irin gudun, ma'aunin wahala daga 1 zuwa 10, takalmin da aka sa, sai 'yar magana a ƙarshe. Ga yadda layin yake kasancewa:

Talata, 6:10 na safe. Kilomita 6, minti 38:00, sauri 6:20. Sassarfa, kwalta, ba hawa. Wahala 3. Baƙin takalmi. Barci awa 6, diddigen dama ya ɗan riƙe a minti biyar na farko, daga baya ya saki.

Rubuta wannan ba ya cin minti biyu. Masu zana gurbi ashirin a ranar farko su ne ke jefar da littafin kafin wata ya ƙare. Ranar hutu ma a rubuta ta, a sa sifili, domin gurbin da aka bari babu komai ba ya faɗa maka ko hutawa ka yi ko mantawa. A kuma rubuta a ranar, gumi bai gama bushewa ba. Lissafin da aka bari sai ƙarshen mako rabinsa kintace ne.

Lissafin sauri, da ramin da ke cikinsa

A wurin masu gudu, sauri yana nufin mintocin da ka cinye a kilomita ɗaya. Ana raba lokaci da nisa. Kilomita 10 a minti 55 ya ba da 5.5, wato minti biyar da rabi, a rubuta 5:30. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami, su karanta 5.5 a matsayin 5:50, su ɗora wa kansu sakan ashirin da ba su ci ba a kowace kilomita. Minti sakan 60 ne, ba 100 ba.

Hanyar da ba ta ruɗi ita ce a mai da komai sakan tukuna. A ce ka yi kilomita 8 a 47:30. Minti 47 sau 60 ya ba da 2820, ka ƙara 30 ya zama 2850. Raba da 8, ka sami 356. Cire minti biyar, wato 300, saura 56. Saurinka 5:56. Wanda ya buga 47.30 kai tsaye a kalkuleta zai ga 5.91, lambar da babu ita a fuskar agogo.

Na'urar gudu ta cikin ɗaki takan nuna kilomita a awa ne. Raba 60 da lambar da ke jikinta: 10 ya zama 6:00, 12 ya zama 5:00, 10.5 ya zama 5.714, sai ka ninka 0.714 da 60 ka sami sakan 43, wato 5:43. In tsarin atisayen da kake bi da mil aka rubuta shi, mil ɗaya kilomita 1.609 ne, saboda haka 8:00 a mil ya yi daidai da 4:58 a kilomita. Zaɓi ma'auni ɗaya ka tsaya a kansa, ka duba agogo da manhaja su ma a kansa suke.

Wani kuskuren shi ne haɗa saurin kwana biyu a raba biyu. Ka yi kilomita 5 a 5:00, wata rana ka yi 15 a 6:20. In ka haɗa ka raba biyu za ka ga 5:40. Gaskiyar ita ce minti 25 da minti 95 sun ba da 120, a raba da kilomita 20, ya zama 6:00. Matsakaicin mako kullum jimillar lokaci ce a raba da jimillar nisa.

Mai amfani da jadawalin kwamfuta na Excel ya lura da abu ɗaya: in ka rubuta 55:00, awa 55 zai ɗauka. Rubuta 0:55:00. Gurbin jimillar lokaci kuma a ba shi tsarin [h]:mm:ss, in ba haka ba da zarar lissafin wata ya wuce awa 24 sai ya koma sifili.

Shin nisan nan gaskiya ne?

Agogon GPS ba ya bin sawunka. Yana ɗaukar wurin da kake lokaci zuwa lokaci daga tauraron ɗan'adam, ya haɗa ɗigo da ɗigo da layi. A buɗaɗɗen fili yana kusantar gaskiya. Tsakanin dogayen benaye, ƙarƙashin inuwar bishiyoyi masu duhu, ko a hanya mai yawan kwana, ɗigon yana zamewa gefe, layin ya yi karkace-karkace ko ya yanke kwana. Kuskuren kashi 2 cikin 100 kamar ba komai ba ne, amma a kilomita 10 mita 200 ke nan. Wanda ya yi 5:30 zai ga 5:24 a agogo, ya yi ta murna da sakan shida na bogi. Kafin ka danna maɓallin farawa, tsaya a fili har agogo ya kama sigina sosai. Kada kuma ka yarda da saurin nan-take da ke tsalle a fuskar agogo, ka dogara da saurin kowace kilomita da aka kammala.

Filin tsere na ƙa'ida mita 400 ne a layi na ɗaya kawai. Kowane layi na gaba yana ƙara mita bakwai da ɗoriya, har layi na takwas ya kai wajen mita 453. In a layin waje kake zagaye, kada ka rubuta 400. A filin tsere ƙirga zagaye ya fi GPS gaskiya nesa ba kusa ba.

Ranar gasa agogo kusan kullum yana nuna fiye da nisan da aka sanar. Gudun fanfalaki kilomita 42.195 ne, rabinsa 21.0975. Ana auna hanyar da keke mai ɗauke da na'urar ƙirga juyawar taya, ta bin layin da ya fi kowane gajarta, a kuma ƙara mita ɗaya a kowace kilomita don kada hanyar ta gaza. Kai kuwa kana kauce wa mutane, kana ratsewa wurin shan ruwa, kana faɗaɗa kwana. A littafi rubuta nisan gasar na ainihi da lokacin da aka ba ka, ka lissafa saurin da su. Mai son gama fanfalaki cikin awa huɗu yana bukatar 5:41 a kilomita ta gaskiya, ma'ana agogonsa ya riƙa nuna ƙasa da haka da 'yan sakanni.

Akwai kuma lokaci iri biyu: wanda aka yi ana motsi, da wanda ya wuce tun daga fita har dawowa. Agogon da ke tsayawa da kansa in ka tsaya yana ɓoye hutun da ka yi a bakin titi. Gudun kilomita 18 da aka tsaya sau shida a cikinsa ba ɗaya yake da wanda aka yi a miƙe ba, ko da saurin da ya fito iri ɗaya ne. In tazarar lokutan biyu ta wuce minti biyu ko uku, rubuta duka biyun.

Ranar gudun yanka-yanka

Ranar da aka yi gudu mai ƙarfi ana hutawa tsakani, matsakaicin saurin fitar gaba ɗaya ba shi da amfani, domin ya cakuɗa ɗumama jiki da tsere da hutu. Rubuta kowane yanki daban. Misali: ɗumama jiki kilomita 2, sannan mita 800 sau shida, 3:36, 3:35, 3:37, 3:38, 3:44, 3:52, da sassarfar minti biyu tsakani, sai kilomita ɗaya da rabi na hucewa.

Dubi lambobin nan shida da kyau. Huɗun farko suna kusa da juna, wajen 4:30 a kilomita. Na biyar ya zame da sakan shida, na shida ya ƙara da takwas. Ko dai an fara da saurin da ya fi ƙarfin jiki, ko hutun ya yi kaɗan, ko kuma an shigo da gajiyar jiya. Mako mai zuwa a fara da 3:40 a gani ko shidan za su jeru. Wanda ya rubuta matsakaici kawai ya binne wannan bayanin. Tsawon hutun ma dole ya shiga, domin 3:36 bayan hutun minti uku wani aiki ne daban da 3:36 bayan hutun sakan 90.

Wahala da bugun zuciya

Sauri shi kaɗai ba ya faɗin abin da jiki ya biya. 6:00 da sanyin safiya a hanya shimfiɗaɗɗiya wasa ne, 6:00 da rana tsaka a kan yashi ko hawa kuwa aiki ne. Shi ya sa ake ƙara ma'aunin wahala, wanda asalinsa aikin Gunnar Borg ne, masani ɗan ƙasar Suwidin. A sikelin 1 zuwa 10, 2 zuwa 3 shi ne gudun da za ka iya hira a cikinsa ba haki, 5 zuwa 6 magana ta koma gajerun jimloli, 8 zuwa sama kalma ɗaya ma da ƙyar. Ba da makin kamar rabin awa bayan gamawa, don kada minti biyar na ƙarshe su rinjayi hukuncin fitar gaba ɗaya.

Carl Foster, wani masanin motsa jiki, ya kawo dabara mai sauƙi a kan wannan: ninka makin da mintocin. Sassarfar awa ɗaya a maki 3 nauyinta 180. Minti 40 a maki 8 nauyinsu 320, duk da cewa kilomitocin sun fi kaɗan. Da wannan ake gane makon da nisa bai ƙaru ba amma jiki ya sha kashi. Da shi kuma ake haɗa keke da iyo da gudu a lissafi ɗaya, tunda kilomitar keke ba ta shiga jimillar kilomitar gudu.

A ƙarshen mako, ware mintocin sauƙi daga na ƙarfi. Binciken wani masani, Stephen Seiler, a kan manyan 'yan wasan juriya ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na atisayensu a sauƙaƙe suke yinsa. Abin da littafin sabon ɗan gudu ya fi nunawa kuwa shi ne makin wahala 5, 6, 5, 6 kullum: ranar sauƙi ba a sassauta ba, ranar ƙarfi kuma babu sauran ƙarfin. In ka ga wannan jerin a shafinka, ƙara sakan 30 zuwa 60 a kowace kilomita a ranakun sassarfa, ko da zuciyarka ba ta so.

Bugun zuciya na safe a ɗauke shi kafin a sauko daga gado, yatsu biyu a wuyan hannu, minti ɗaya cur. Bayan mako biyu za ka san lambarka. In ta haura da bugu biyar zuwa goma kwana biyu ko uku a jere, ga barci ya lalace, ga sassarfa ta yi nauyi, a sassauta, domin gajiya ce ta taru ko rashin lafiya na tafe. Lissafin nan na cire shekarun mutum daga 220 don sanin iyakar bugun zuciyarsa kintace ne, yana iya kaucewa da bugu goma ko fiye. Na'urar auna bugu ta bayan agogo kuma takan rikice in agogon ya yi sako-sako, ta kama ƙirga takunka maimakon zuciyarka. In ka ga 175 alhali kana hira lafiya lau, matse maɗaurin, ko ka koma ga bel ɗin ƙirji.

Jimillar mako

Zuciya da huhu suna saurin sabawa da atisaye. Agara, jijiyoyi da ƙashi suna tafiyar hawainiya. Saboda haka bayan makonni shida mutum yana jin numfashinsa ya buɗe, ya ƙara nisa, alhali ƙafafun ba su iso wurin ba. Yawancin ciwon ƙwauri, gwiwa da diddige a wannan tazarar ake samunsa, kuma jimillar mako ce ke tona shi.

An saba cewa kada a ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 a mako. Ja-gora ce, ba doka ba. Ga mai kilomita 10 a mako, ƙarin kilomita ɗaya ya yi kaɗan. Ga mai 80, in ya bi ta makonni huɗu a jere zai tsinci kansa a 117, wanda ya yi yawa. Abin da ya fi amfani shi ne ka gwada makon da kake shiryawa da matsakaicin makonni huɗun baya. In ka yi 30, 32, 34, 24, matsakaicin 30 ne. Shirya 33 ko 36 ba laifi. Shirya 45 ninki ɗaya da rabi ke nan, tsalle ne, ko da ka taɓa yin 45 a bara. Wannan lissafin yana da muhimmanci musamman bayan jinya ko tafiya, lokacin da matsakaicin ya faɗi amma zuciya tana tuna tsohon matsayi. Kowane mako na uku ko na huɗu a rage kashi 20 zuwa 30, kamar yadda 24 ɗin can ta nuna.

Kalanda tana iya yaudara. Makonka yana farawa Litinin, ka yi doguwar fita ta kilomita 18 ranar Lahadi. Mako na gaba wani uzuri ya sa ka matso da ita Juma'a, ka gama kilomita 45 ɗinka ranar Asabar. Littafi zai nuna 45 da 45, lafiya lau. Amma daga waccan Lahadin zuwa wannan Asabar ƙafafunka sun ɗauki 63 cikin kwana bakwai. Maganinsa gurbi ɗaya ne da ke tara kwana bakwai na baya kullum, ba tare da kula da ranar da mako ya fara ba.

Doguwar fita kada ta cinye mako. Ga mai fita sau biyar ko shida, kashi 25 zuwa 30 na jimillar ya isa. Mai fita sau uku dole kasonsa ya fi haka, amma in fita ɗaya ta kai rabin mako, sauran ranakun ne ke bukatar ƙari.

Takalmi ma yana da nasa lissafin. A shafin ƙarshe rubuta ranar da ka fara sa kowanne, ka riƙa tara masa kilomita. Yawanci tsakanin 500 da 800 soson ƙasan yake mutuwa, sau da yawa saman yana nan kamar sabo. In wani ciwo ya ɓullo ba tare da nisa ko sauri ya canja ba, fara duba wannan shafin.

Rubuta ciwo yadda zai yi amfani

"Ƙafa na ciwo" ba bayani ba ne. Rubuta wurin, dama ko hagu, makinsa daga sifili zuwa 10, da lokacin da yake zuwa: takun farko da safe, farkon gudu, ko bayan kilomita 8. Tsamin jiki da ya kama ɓangarorin biyu ya kuma saki cikin kwana biyu ko uku abu ne da aka saba. Ciwon da ke gefe ɗaya, yake ƙaruwa ana cikin gudu, ya canja maka taku, ko kake iya nuna shi da yatsa ɗaya a kan ƙashi, wannan na tsayawa ne a ga likita. Tafi da littafin, domin tambayar farko da za a yi maka ita ce me ya canja a makonnin baya. Ciwon ƙirji, jiri ko suma kuwa ba a jira a ga ko za su maimaitu.

Gwajin da ke nuna ci gaba

Kada ka gwada jiya da yau, iska da zafi da barci sun isa su motsa sauri da sakan goma ko ashirin. Ware hanya guda ta kilomita 5 zuwa 8, marar hawa, wadda ka san nisanta. Duk bayan mako uku ko huɗu ka bi ta a lokaci ɗaya na rana, washegarin hutu, ka riƙe bugun zuciya a lamba ɗaya, a ce 145. In saurin ya tashi daga 6:20 zuwa 6:08 a bugu ɗaya, juriya ta ƙaru. Rubuta yanayin ranar a gefe, don zafi kaɗai yana ɗaga bugun.

A doguwar fita kuma, raba ta biyu ka gwada. In sauri bai canja ba amma bugun rabin ƙarshe ya haura na farko sosai, zafi ne, ko ƙarancin ruwa, ko nisan ya fi abin da jiki ya shirya wa. Hau sikeli kafin fita da bayan dawowa: kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi da ba a mayar ba.

Ware minti goma a ranar hutunka ka tara nisa, lokaci da nauyin mako, ka karanta 'yan maganganun ƙarshen layi daga sama har ƙasa, ka ja layi a ƙarƙashin duk kalmar da ta fito sau uku. Da wannan za ka tsara mako mai zuwa, da fensir, a shafin da ke kallon wanda za ka rubuta abin da ya faru. In a manhaja kake ajiya, sauke kwafin bayananka duk bayan 'yan watanni ka adana a wani wuri, domin agogo yana lalacewa, asusu kuma yana rufewa.